Zauren Faifai: Tarihin Ƙwayoyin Cutar da ke Riga Kwamfuta Tashi

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san matsayin zaure. Komai girman gida, ko sassa goma ne a cikinsa, ta zaure ake shiga. Wanda ke zaune a nan shi ake yi wa sallama, shi ke ganin mai shiga da mai fita, shi ke gaya wa baƙo ko maigida yana ciki. Kwamfuta ma tana da zaurenta. Ɗan gurbi ne guda a can farkon faifan da ke ajiye bayanai, girmansa bayit 512 kacal, wanda ko wannan sakin layin ba zai iya ɗauka ba. Amma sama da shekara arba'in ke nan ana gwabzawa a kan wannan ɗan wuri, tsakanin masu rubuta ƙwayoyin cutar kwamfuta da masu gyara, domin wanda ya mallake shi ya mallaki gidan ɗungurungum.

Dalilin yana cikin yadda kwamfutar tsohon tsari ke tashi. Sa'ad da aka danna makunni, na'urar ba ta san Windows ba, ba ta san fayil ba. Abin da ke fara farkawa wata 'yar manhaja ce da aka dasa a jikin allon na'urar tun daga masana'anta, mai suna BIOS. Ita ke duba ƙwaƙwalwa da madannai, sannan ta nufi gurbin farko na faifai ta karanto abin da ke ciki. Idan ta ga bayit biyun ƙarshe suna ɗauke da alamar 55 AA, sai ta miƙa ragamar na'urar ga duk abin da ta tarar a wurin, ba tare da ta tambayi wanda ya rubuta shi ba. A babban faifan cikin kwamfuta ana kiran wannan gurbi MBR, kuma tsarinsa ya zo ne a 1983, tare da DOS 2.0 da kwamfutar IBM XT mai faifan megabayit 10. Bayit 446 na farko umarnin tayar da na'ura ne, 64 na biye taswira ce da ke nuna yadda aka raba faifan zuwa sassa, biyun ƙarshe kuwa waccan alamar ce. Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Ƙwayar cutar da ta kwana a wannan gurbi tana tashi kafin babbar manhaja, kafin kowace manhajar tsaro.

Daga Fensilbaniya zuwa Lahor

Labarin ya faro da wasan yara. A 1982, wani ɗan makarantar sakandare mai shekara 15 a kusa da birnin Fitsbag na jihar Fensilbaniya a Amurka, Rich Skrenta, ya shahara a cikin abokansa da sauya wasannin kwamfuta kafin ya ba su aro, yadda ana cikin wasa sai saƙon tsokana ya bayyana. Da suka gaji, suka daina karɓar faifai daga hannunsa. Sai ya nemi hanyar da zai taɓa faifansu ba tare da ya riƙe shi ba. Ya rubuta Elk Cloner, wadda ke maƙalewa a ƙwaƙwalwar kwamfutar Apple II, ta kwafi kanta a duk faifan fulofi da aka zura. A tashi na 50 sai ta nuna wata 'yar waƙa. Ba ta goge komai, amma ta nuna cewa manhaja na iya tafiya daga hannu zuwa hannu ba da sanin masu hannun ba.

Bayan shekara huɗu, a Janairun 1986, abin ya iso kwamfutocin IBM da makamantansu, daga birnin Lahor na Pakistan. Wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, masu shagon kwamfuta mai suna Brain Computer Services, su suka rubuta ƙwayar da aka sani da Brain. Sun ce manufarsu ita ce su bi sawun masu kwafar manhajarsu ba da izini ba. Brain takan ɗauke ainihin gurbin farko na fulofi ta kai shi wani wuri, ta yi wa wurin alamar ya lalace don kada a rubuta komai a kansa, ita kuma ta zauna a zaure. Dabararta mafi ban mamaki ita ce, idan mai bincike ya ce a nuna masa gurbin farko, sai ta tare tambayar, ta ɗauko masa tsohon gurbin mai lafiya ta nuna masa. Daga ranar aka koyi darasin da har yau yake aiki: kwamfutar da ta kamu ba a karɓar shaidarta a kan kanta.

'Yan'uwan ba su ɓoye kansu ba. A cikin ƙwayar sun rubuta sunayensu da adireshin shagonsu da lambobin wayarsu, cewa duk wanda ya kamu ya neme su don magani. Ba su zaci za ta ƙetare teku ba, sai ga ta a Jami'ar Delawaya ta Amurka a 1987, sai ga kiran waya daga ƙasashen waje, mutane cikin fushi suna neman a gyara musu faifai. A 2011, shekara 25 bayan haka, masanin tsaron kwamfuta Mikko Hyppönen na ƙasar Finlan ya bi adireshin nan har Lahor, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya tarar da su a wurin, suna gudanar da kamfanin sadarwar intanet.

Zamanin fulofi

Wanda bai ga zamanin fulofi ba zai yi mamakin yadda cuta ke yawo a duniya ba tare da intanet ba. Ga yadda abin yake. Ma'aikaci ya karɓi fulofi daga abokinsa, ya zura, ya kwafi wasiƙa, ya kashe kwamfuta ya tafi gida, ya manta faifan a ciki. Da safe ya kunna. A lokacin, kwamfuta takan fara duba ramin fulofi kafin ta waiwayi babban faifai. Sai ta karanta zauren fulofin, saƙo ya fito cewa wannan faifan ba na tayarwa ba ne, a cire shi a danna kowane madanni. Mutumin ya zare faifan, ya danna, aiki ya ci gaba kamar kullum. A cikin wannan daƙiƙa guda an gama komai: ƙwayar ta haye babban faifai, kuma daga yau duk fulofin da aka zura zai fita da ita.

Ta wannan hanya Stoned ta zaga duniya. Ta ɓulla a Niyu Zilan a 1987, tana nuna saƙon cewa kwamfutar ta bugu, tare da kiran a halatta tabar wiwi. A babban faifai takan tura ainihin MBR zuwa gurbi na 7. A fulofi kuwa takan ajiye shi a wurin da ake jera sunayen fayiloli, abin da ke sa wasu fayilolin su ɓace ba da niyyar marubucinta ba. A 1988 aka gano Ping-Pong a birnin Turin na Italiya, mai sa wani ɗan ɗigo ya riƙa tsalle a fuskar kwamfuta. A shekarar ne kuma Den Zuk ta fito daga Bandung ta Indonesiya, wadda idan ta tarar da Brain a faifai sai ta kore ta ta gaje wurin. Form, daga Suwizalan, takan sa madannai su riƙa ƙara a ranar 18 ga kowane wata, kuma ta daɗe tana cikin waɗanda aka fi cin karo da su a farkon shekarun 1990.

Sai Michelangelo, wadda aka gano a Ostareliya a 1991. 'Yar gidan Stoned ce, amma ita da mugun nufi ta zo. Takan yi lamo duk shekara, sai ranar 6 ga Maris ta bi farkon babban faifai ta rubuce shi, ta shafe zaure da taswira da jerin fayiloli. Masu bincike ne suka raɗa mata sunan, saboda ranar ta dace da ranar haihuwar shahararren mai zanen Italiya na 1475. A farkon 1992 aka gano cewa kamfanin Leading Edge ya sayar da ɗaruruwan sababbin kwamfutoci ɗauke da ita. Jaridu da talabijin suka ɗauka, John McAfee mai sayar da manhajar riga-kafi ya ce adadin da zai kamu zai iya kaiwa miliyan 5. Mutane suka yi layin sayen magani, wasu suka tsallake ranar a agogon kwamfutarsu. Da Juma'ar 6 ga Maris 1992 ta wuce, rahotanni suka nuna tsakanin kwamfuta 10,000 zuwa 20,000 ne suka lalace. An zargi masu sayar da magani da zuzuta cuta, amma tun daga ranar talakan mai amfani da kwamfuta ya san cewa akwai abin da ake kira ƙwayar cuta.

Yadda aka koyi gyara

Mai gyara na wancan zamani yana da wani fulofi guda da yake ji da shi kamar idonsa. A kwamfuta mai lafiya ya haɗa shi, sannan ya kulle shi. Idan babban fulofi ne mai inci biyar da kwata, akwai wata 'yar tsaga a gefensa da ake liƙe wa takarda mai gam. Idan ƙarami ne mai inci uku da rabi, ɗan maɓalli ne a kusurwa da ake turawa har rami ya buɗe. Da zarar an yi haka, na'urar ba za ta iya rubuta ko harafi guda a kansa ba, komai wayon ƙwayar. Sai ya kashe kwamfutar da ta kamu gaba ɗaya, ya zura nasa faifan, ya kunna. Yanzu ƙwayar tana kwance a babban faifai ba ta farka ba, ana iya ganinta yadda take.

Daga MS-DOS 5.0 na 1991 aka sami umarnin FDISK /MBR, wanda ke sake rubuta umarnin tayarwa ya bar taswirar rabo yadda take. Idan kuma cutar tana gurbin farko na sashen C ne, sai a yi amfani da umarnin SYS C:. Mutane da yawa a lokacin sun sha wahalar banza saboda rashin sanin wani abu guda: yin fomatin na sashen C ba ya taɓa MBR. Mutum zai goge aikin shekaru da hannunsa, ya sake ɗora manhaja, ya kunna, ƙwayar tana nan zaune a zaure.

FDISK /MBR ɗin ma ba kowace cuta yake warkarwa ba. Monkey, wadda ta fito daga Edmonton ta Kanada a farkon shekarun 1990, takan rikita ainihin MBR da taswirarsa ta ɓoye a gurbi na 3, ta cike wurin taswirar da nata umarnin. Muddin tana raye, ita ke nuna wa kwamfuta hanya. Wanda ya yi gaggawar kore ta ba tare da ya dawo da taswirar ba, sai ya wayi gari babban faifansa ya ɓace ɓat. One_Half, ta ƙasar Sulobakiya a 1994, ta fi haka mugunta. Duk tashi sai ta kulle wani yanki na faifai daga ƙarshensa, a hankali a hankali, mabuɗin kuma yana tare da ita a zaure. Wanda ya share ta ya share mabuɗin, garin neman gira ya rasa ido. Daga waɗannan biyun masu gyara suka koyi cewa sai an san sunan cuta kafin a ba da magani, kuma sai an kwafi gurbin farko an adana kafin a taɓa shi.

Ranar 26 ga Afrilu 1999 ta zo da wani darasin. Ƙwayar CIH, wadda Chen Ing-hau, ɗalibi a kwalejin Tatung ta Taiwan, ya rubuta a 1998, ta cikin fayilolin Windows 95 da 98 take yaɗuwa, amma a wannan rana ta shafe megabayit na farko na babban faifai, a wasu kwamfutocin har ta lalata BIOS kanta, na'ura ta ƙi ko motsi. Koriya ta Kudu da sauran ƙasashen Asiya sun ji jiki. Da yake ranar ta dace da ranar hatsarin nukiliyar Chernobil, da wannan sunan aka fi saninta. Duk da haka an ceto faifai masu yawa, domin tsarin jera fayiloli na FAT yana ajiye kwafi biyu na jadawalin fayiloli, kuma a manyan faifai kwafi na biyu yana can gaba da inda ɓarnar ta tsaya. Taswira ce ta ƙone, gidan yana tsaye.

Tafiya da dawowa

A ƙarshen shekarun 1990 ƙwayoyin zaure suka ja da baya. Windows 95 da NT sun sauya yadda ake magana da faifai, abin da ya hana tsofaffin ƙwayoyin hayayyafa. Fulofi ya fara ɓacewa, masu ɓarna suka koma takardun Word da saƙon imel. Amma a 2007 aka tarar da Stoned.Angelina, 'yar 1994, a cikin sababbin laftof na kamfanin Medion masu Windows Vista da aka sayar a shagunan Aldi a Jamus da Denmak, na'urorin da ko ramin fulofi ba su da shi.

A ƙarshen 2007 ɗin ne 'yan damfara suka tuna da zaure. Mebroot ta shiga MBR don ta ɓoye manhajar satar bayanan banki. TDL4 ta biyo baya, kuma kamfanin Kaspersky ya ƙiyasta ta kama kwamfuta miliyan 4.5 a watanni uku na farkon 2011. Daga sata aka koma rusau. Ranar 15 ga Agusta 2012, wadda ta yi daidai da 27 ga Ramadan, lokacin da ma'aikata da dama ke hutun ƙarshen azumi, ƙwayar Shamoon ta shafe fayiloli da MBR na kwamfutoci kusan 30,000 a kamfanin mai na Saudi Aramco.

Mafi muni ya zo ranar 27 ga Yuni 2017. NotPetya ta fito ta hanyar wata manhajar lissafin haraji ta Yukren mai suna M.E.Doc. Takan maye gurbin MBR, ta sake tayar da kwamfuta, ta nuna kamar tana duba lafiyar faifai alhali kulle babban jadawalin fayiloli take yi, sannan ta nemi fansar dala 300. Babu mabuɗin da za a mayar ko an biya. Amurka da Birtaniya sun ɗora alhakin a kan sojojin Rasha, Rasha ta musanta. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya ce sai da ya sake ɗora manhaja a kwamfuta 45,000 da uwar garke 4,000 cikin kwana goma. A nan labarin ya ratso ta yankinmu. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, duk na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikatan kamfanin, kusan 150, sun mutu lokaci guda, in ban da guda ɗaya a ofishinsu na Ghana, wadda ɗaukewar wutar lantarki ta raba da sauran kafin cutar ta iso. Ma'aikatan can ba su da bizar Ingila, don haka ɗaya ya ɗauko faifan ya hau jirgi zuwa Nijeriya, ya miƙa wa wani abokin aiki a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Kwafi guda da ba ya haɗe da komai shi ya tsamo kamfanin.

Inda aka kwana

Masu ƙera kwamfuta sun sake ginin zauren. Sabuwar manhajar tayarwa mai suna UEFI ta maye gurbin BIOS. Tsarin GPT, wanda ya gaji na MBR, yana ajiye taswirar faifai a wuri biyu, farko da ƙarshe, don idan ɗaya ta lalace a ɗauko ɗayar. Tun Windows 8 na 2012 aka kawo Secure Boot, mai tsaron ƙofa da ke duba sa hannun duk manhajar da ke son tayar da na'ura. Wannan ya rage ɓarna ƙwarai, ko da yake a 2023 ƙwayar BlackLotus ta nuna cewa shi ma ana iya zagaye shi.

Gyaran kuwa, tsohuwar zuma ce ake magani da ita. Idan kwamfuta ta ƙi tashi tana cewa ba ta ga babbar manhaja ba, a haɗa filashin tayarwa a wata kwamfutar mai lafiya, a tayar da marar lafiyar da shi. Aikin farko shi ne kwashe muhimman fayiloli zuwa wani faifan, sannan a bincika da manhajar riga-kafi daga waje. Idan faifan na tsohon tsarin MBR ne, a shiga sashen gyara na filashin Windows a ba da umarnin bootrec /fixmbr, da bootrec /fixboot, da bootrec /rebuildbcd. Idan na GPT ne, umarnin bcdboot ke sake gina fayilolin tayarwa. Idan taswirar ce ta ɓace, manhajar TestDisk ta kyauta, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, tana bin faifai ta gano iyakokin sassansa ta mayar. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker ya nemo mabuɗinsa kafin a taɓa komai.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da makarantunmu da shagunan buga takardu na hannu ne, an ɗora musu Windows ɗin da ba a san asalinsa ba, sau da yawa an kashe Secure Boot don a samu ya hau. Filashi yana yawo daga shago zuwa ofis kamar yadda fulofi ya yi a da. Kuma da zarar na'ura ta ƙi tashi, kalmar farko da ake ji ita ce a yi fomatin. Ɗalibai nawa suka rasa kundin bincikensu, 'yan kasuwa nawa suka rasa lissafin bashinsu, alhali bayanan suna nan lafiya, ƙofar shiga ce kawai ta toshe?

Kirana ga masu gyara shi ne su riƙe filashi mai tsabta guda, su kwashe kayan mutane kafin su taɓa faifai, su gane cutar kafin su ba da magani. Kai kuma mai karatu, kada ka yarda a goge maka faifai sai an gwada ceto abin da ke ciki. Ka bar Secure Boot a kunne, ka riƙa sabunta manhajarka, sannan ka kwafi abin da ba za ka jure rasawa ba a wani faifai dabam, ka zare shi daga kwamfuta, ka sa a durowa. Ka yi haka yau, tun na'urarka tana tashi lafiya.